Natan da Amanar Malaminsa

Ilimi amana ne, kuma nauyinsa bai fi tsananta a wuyan almajiri ba kamar ranar da aka binne malaminsa. Yahudawan gabashin Turai masu bin Hasidanci, tafarkin sufancin da ake jingina wa Ba'al Shem Tob wanda ya rasu a 1760, suna da labari a kan wannan da ya cancanci a tsaya a kansa, ko da aƙidarmu da tasu sun sha bamban.

Rabbi Nahman tattaɓa-kunnen Ba'al Shem Tob ne. An haife shi a 1772 a ƙasar da ake kira Yukiren a yau. Ya zurfafa cikin Kabbala, ilimin baɗini na Yahudawa, amma abin da ya fi horon mabiyansa da shi mai sauƙin faɗa ne: mutum ya keɓe kullum, a ɗaki ko a daji, ya kai kukansa ga Ubangiji da harshen da ya tashi da shi, kuma kada ya yanke ƙauna komai girman zunubinsa.

A 1802 wani saurayi masani mai suna Natan ya zo wurinsa a garin Breslob, ya zama marubucinsa. Aikin ba ƙarami ba ne. Malam yakan yi manyan darussansa ranar Asabar da ranakun idi, lokacin da shari'arsu ta hana riƙe alƙalami. Sai Natan ya kasa kunne, ya haddace, ya jira faɗuwar rana, sannan ya zauna gaban fitila ya zuba abin da ya ji a takarda, ya kai wa malam ya duba. Da irin wannan wahala aka tara yawancin littafin Likute Moharan, wanda aka fara bugawa a 1808.

Tarin fuka ya yi ajalin Nahman a Uman a 1810, yana da shekara 38. A al'adar Hasidawa, idan shehi ya rasu sai a naɗa magaji. Almajiran Nahman suka ƙi, suka ce malaminsu guda ne, har abokan hamayya suka riƙa yi musu gori da "matattun Hasidawa". Natan, wanda ya fi kowa cancantar zama a buzun malam, bai nema ba. A ganina nan ne ladabinsa ya kai maƙura. Maimakon haka ya kafa injin ɗab'i a cikin gidansa, ya ci gaba da buga littattafan. Maƙiya suka kai ƙararsa ga hukumar Rasha, aka tsare shi, aka kore shi daga Breslob na wasu shekaru, bai fasa ba har ya rasu a 1844.

Shi ne kuma ya assasa taruwa a kabarin malam a farkon shekarar Yahudawa, tun daga 1811. Daga baya gwamnatin Sobiyet ta hana, mabiya suka riƙa zuwa a ɓoye. Yanzu dubun dubatar mutane ke sauka Uman kowace shekara daga Isra'ila da Amurka da Turai, kuma yaƙin da ya ɓarke a Yukiren a 2022 bai tsayar da ziyarar ba.