Ɗan Batirin da Ba Ya Tayar da Mota

A da, canjin batir ba ya buƙatar dogon tunani. Direban tsohuwar Peugeot 504 zai buɗe bonet, ya kwance kawuna biyu da sifana, ya ɗauke tsoho ya ajiye sabo, ya murza makulli, mota ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ba ta riƙe komai a kai ba, don haka ba ta da abin mantawa.

Motar yau daban take. A cire mata batir na ɗan lokaci, a sa mata sabo dal, sai a ga abin mamaki. Agogo ya rikice. Tashoshin rediyon da mai ita ya jera sun goge. Gilashin da ake taɓawa sau ɗaya ya hau da kansa, yanzu sai an danne maɓallin har ya kai. A wasu motocin Honda da suka kwana biyu, rediyon ƙin magana yake yi sai an ba shi lambar sirri, wadda sau da yawa ta ɓace tun kafin motar ta baro Kwatano. Wani lokaci inji ya riƙa kakkarwa a danja, giya ta riƙa shiga da fizga. Batir sabo, wuta cike, amma mota ta zama baƙuwa a hannun mai ita.

Dalilin yana cikin kwamfutar da ake kira ƙwaƙwalwar mota. Kullum tana auna iskar da ke shiga, tana duba hayaƙin da ke fita, tana ƙara mai ko ta rage daidai da tsufan injin da dattin da ya taru a maƙogwaron totur. Wani sashe na wannan sani siririyar wuta ce ke riƙe da shi dare da rana, ko da motar a kashe take. Wutar na yankewa, sanin ya tafi, sai an yi ta yawo da motar kafin ta sake koyo.

Masu gyaran wutar mota sun samo dabara. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wani soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar binciken matsala. Rami na 16 haɗe yake da wutar batir a kowane lokaci. Ta nan mai gyara yake jona ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 12 kafin ya ɗauki sifana. Zai zare makulli, ya kashe fitilu, ya rufe ƙofofi, domin ɗan batirin ba zai iya ɗaukar kaya mai nauyi ba. Sai ya fara kwance baƙin kai mai alamar ragi, saboda jikin motar gaba ɗaya da shi yake haɗe; in aka fara da jan, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne zai tashi. Bayan ya kwance jan, sai ya naɗe bakinsa da busasshen tsumma, don har yanzu akwai wutar ɗan batirin a jikinsa. Wajen ɗaura sabo kuwa ja ne farko, baƙi a ƙarshe.

Akwai masu gajen haƙuri da ke barin inji a kunne su cire batir, kamar yadda aka saba a tsofaffin motoci. A motar zamani wannan ganganci ne. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar da altaneta ke bayarwa; in babu shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar da ake son karewa.

Abin lura shi ne girman wannan ɗan batir. Tayar da inji na zuƙar sama da amfiya 100 a lokaci guda. Riƙe tunanin motar da ke kwance kuwa ba ya cin ko kashi ɗaya cikin dubu na wannan. Ɗan batirin bai isa ya juya inji ba, ba kuma wanda ya nemi ya juya. Aikinsa na 'yan mintoci ne, tsakanin tafiyar tsoho da zuwan sabo, amma a cikin mintocin nan duk abin da motar ta koya a hannunsa yake.

Haka Allah Ya tsara abubuwa da yawa. Uwargida takan binne garwashi a cikin toka da dare. Bai isa ya dafa tuwo ba, amma da asuba shi ke kama sabon itace. Bafulatana takan bar ɗan tsohon nono a ƙwarya domin madarar yau ta yi tsami. Manomi yakan ware damin iri ya hana kowa taɓawa, ko da yunwar bazara ta matsa. Kowane ɗayansu ƙarami ne, kuma da shi jiya ke isa ga gobe.

Idan maigida ya rasu, ko aka yi wa shugaban makaranta canjin wurin aiki, ko shago ya koma hannun ɗa, idon kowa yana kan mai zuwa: yana da ƙarfi, yana da ilimi, zai iya? Da wuya a tuna da tsakanin. Alhali akwai gwaggon da ta san inda iyakar gona ta tsaya, da maƙwabcin da marigayi ke aika wa hatsi a ɓoye duk azumi. Akwai tsohon masinja da ya san makullin kowane ɗaki da dalilin da ya sa aka daina wani abu. Akwai yaron shago da ya san wanda ake ba bashi ya biya da wanda ake ba haƙuri. Ba ɗayansu da zai iya jan ragama. Amma sabon shugaban da ya sallame su a ranar farko zai shafe shekaru yana kakkarwa da fizga, yana koyon abin da zaman hira guda zai ba shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Motar tana da sauran darasi guda. A motoci irin su BMW, bayan an sa sabon batir sai an sanar da kwamfuta cewa sabo ne. In ba haka ba, za ta ci gaba da yi masa cajin da ta saba yi wa tsohon da ya gaji, har ta rage masa kwana. Riƙe tarihi wajibi ne, haka ma amincewa cewa wanda ya zo wani ne daban. Gwaggon kirki tana ba da labarin jiya, ba ta tilasta wa magaji ya zama mahaifinsa.

Aiki na ƙarewa, mai gyara zai sunkuya ya zare ɗan batirin, ya naɗe wayarsa, ya jefa shi cikin akwatin kayan aiki. Mai mota ya murza makulli. Agogo yana daidai, rediyo ya kama tashar da aka bar shi a kai, inji yana tafiya sumul. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai, wannan sabon batir yana da kyau."