Wane Daji Za Su Zana?

Ɗiyar yayata tana aji huɗu a wata firamare a Ƙaura Namoda. Kwanakin baya malamarsu ta rubuta a allo cewa daji rai ne, kuma wanda ya sare itace ɗaya ya dasa biyu. Ta ce kowa ya zana abin da ya fahimta. Yarinyar ta zana dogonyaron tsakar gidansu, ta kewaye shi da katanga. Wani yaro da iyayensa suka gudo daga ƙauyen Zurmi ya cika takardarsa da baƙin fensir, ya jera babura a gindin itatuwa. Malama ta ce bai gane darasin ba, ta ba shi biyu cikin goma.

Tun da na ji labarin nake tambayar kaina: adalci ne mu ɗora wa yaro maganar da ba a yi ta don rayuwarsa ba, sannan mu hukunta shi don ya faɗi gaskiya?

Ba na raina maganar. Wangari Maathai ta fara dashen itatuwa da matan karkara a Kenya a 1977, har ya kai ta ga lambar Nobel a 2004. Amma daga bakin matan ta fara: su suka ce itacen girki ya yi nisa, ƙoramu na ƙafewa. Mu kuwa mun ɗauko ƙarshen zancen mun manna a allo. Ga yaron Zurmi, daji shi ne Dumburum. Ga na Shinkafi, Sububu ne. Wurare ne da ake tsare mutane har sai an biya kuɗin fansa. Kuma wanda ake kira mai sare itacen, sau da yawa uban yaron ne, da ya rasa gona ya koma sayar da itacen girki.

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, idan sakamako ya fito ba yadda na zata ba, abin da na shigar nake komawa in duba.

Da malamar ta tambaye shi sunayen itatuwan da ya zana, da wataƙila ta ji kanya, da marke, da tsamiyar da kakarsa ke tsinkowa kafin a daina shiga. Ɗiyar yayata ta ce ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai yar ba.