Sunan Wa Za a Rubuta a Riga?

Lokacin da nake karatu a jihar Nebraska ta Amurka, wani abokina manomin masara ya ja ni taron hukumar makarantar ƙauyensu. Magana ɗaya ce a faifai: za a haɗe ƙungiyar ƙwallon 'yan ƙaramar sakandarensu da ta garin da ke maƙwabtaka da su. Ƙwallon nan tasu nake nufi, wadda ake runguma a ruga, a sa kwalkwali ana karo kamar raguna. Mutum 11 ake bukata a fili, su kuwa yaransu da ƙyar suke cika. Gonaki sun yi girma, injina sun karɓe aiki, matasa sun tafi Omaha da Lincoln, azuzuwa sun koma fayau.

Na ɗauka minti goma za a gama. Ina! Wani dattijo ya miƙe riƙe da hular ƙungiyar, wadda ta koɗe har launinta ya ɓace. Bai tanka zancen kuɗin mota ko albashin koci ba. Cewa ya yi shi da mutanen wancan gari tun yana yaro suke karawa, yanzu kuma a ce jikansa ya sa riga ɗaya da jikokinsu? Muryarsa na rawa. Na yi dariya a zuci, daga baya na ji kunyar dariyar.

Ai abin da Ibn Khaldun ya kira asabiyya ke nan a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377: igiyar da ke ɗaure jama'a har mutum ya ji ciwon ɗan'uwansa a jikinsa. Abin da na gani a daren shi ne igiyar nan ba ta ɗauruwa tamau sai da abokin hamayya. Garin da gidan mai ya rufe, banki ya tashi, me ya rage masa da zai ce "mu"? Sunan da ke jikin tankin ruwa da rigar yaran. Dattijon ba ƙwallo yake karewa ba. Tsoro yake kada garinsa ya riga shi mutuwa.

To amma sunan na wa ne? Na wanda ya gama wasansa shekaru aru-aru, ko na yaro ɗan shekara 13 da ke son shiga fili bana? Yaran da na gani a bayan zauren ko a jikinsu; sun riga sun san juna ta waya. Kuma idan aka ƙi, su ne za su buga wasa tun daga farko har ƙarshe ba mai canjinsu, a wasan da gajiya ke jawo karaya.

Nebraska ma ta daɗe da sanin wannan matsala. A 1934 wani malami, Stephen Epler, ya ƙirƙiro ƙwallon mutum shida a garin Chester, don ƙananan makarantu su samu na yi. Ya rage 'yan wasa don kada wasan ya mutu.

Ni dai hankalina Madina ya tafi. Aus da Khazraj sun zubar da jinin juna a yaƙin Bu'as 'yan shekaru kafin Hijira. Musulunci ya haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, Ansar, amma bai goge na da ba. Ba'aushe ya ci gaba da zama Ba'aushe, sai dai gasar ta koma ta rige-rigen alheri. Ashe ana iya shiga babban gida ba tare da an rushe ɗakin kaka ba.

Akwai wanda ba a ambata ba a taron, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: ɗan abokin nawa, siriri, ba gudu ba ƙarfi. A ƙaramar ƙungiya dole a sa shi, don babu wani. Ranar da yara suka yi yawa, benci zai ɗumama. Ƙaranci ne ya ba shi daraja, yalwa za ta ƙwace.

Da ina da ƙuri'a a daren nan, da haɗewa na zaɓa, bisa sharaɗi biyu: a rubuta sunayen garuruwan biyu a ƙirjin riga, kuma kowane yaro ya taka fili a kowane wasa, ko da za a sha kashi.