Kunyar Wa Mashayin Taba Yake Ji?

Dokar hana shan taba a asibiti ba baƙuwa ba ce. Gwamnatin soja ta kafa ta tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. A 2015 kuma aka yi wata mai tsanani, wadda ta yanka tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Amma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san inda dokar nan take yin tuntuɓe, watau wurin cin abinci: teburin mai shayi, da gindin bishiyar da masu jinya suke baje kwanukan tuwo. Da zarar an wanke hannu, sai ka ji ƙarar ashana.

In ka yi wa mutum magana, yana da abin cewa, kuma ni ban raina hujjarsa ba. Ya kwana a tsaye kan majinyacinsa, da kuɗinsa ya sayi abinsa. Wani ma cewa zai yi, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ai a nan Zariya aka buɗe masana'antar sigari a 1959, manoman karkararmu suka yi shekaru suna noma mata ganye, hukuma kuwa har gobe tana karɓar harajin taba. To, yaya za ta karɓa da dama, ta mare shi da hagu?

Duk da haka, mai karatu, bi mutumin nan cikin birni, ko Kwarbai ko Ƙofar Doka. Ya hango mahaifinsa ko surukinsa ko malaminsa tafe, me zai yi? Wuf zai dunƙule karan a tafin hannu, ko da zai ƙone shi. Ba allon gargaɗi, ba ɗan sanda. Ashe dai yana iya haƙuri in ya ga dama.

Abin da yake damuna ke nan. Kunyar da muke taƙama da ita sama take kallo, wajen wanda ya girme mu ko ya san gidanmu. Matar da ta zo daga ƙauye da goyo mai tari ba ta san uban kowa ba, saboda haka ba a jin nauyinta, alhali kuwa hayaƙin da bai wuce ɓata wa suruki rai ba, jaririnta ƙirji yake tsaya masa. A ganina abin da dokar take nema shi ne a ba baƙo abin da ake ba suruki, kuma tara ba ta koyar da wannan.

Na lura in tsohuwa ta ce, "Ɗana, dubi Allah, yaron nan ba shi da lafiya," yawanci nan take ake murtsuke wutar, har da neman gafara. Wanda allo kaɗai ya kora kuwa, tsaki yake yi, ya zagaya bayan gini, ya kunna a ƙarƙashin tagar ɗakin marasa lafiya.