Motar da aka kulle don jiran tsada

A Faransa akwai masu sayen tsohuwar Peugeot 205 GTI, wadda ta fito a 1984, su kulle ta a gareji suna jiran kuɗinta ya hau. Ya kuwa hau, don yawancin ƴan'uwanta sun ƙare a hanya.

Wani zai ce ai ɓoyon hatsi ne irin na ƴan kasuwa. Ban yarda ba: babu wanda ke kwana da yunwa don an ɓoye GTI. Rowar, kansa ya yi wa. An ƙera ta don gudu, shi kuma yana tsoron kowane kilomita, saboda yana rage mata daraja. Ga shi zaman ma yana cin ta: batir ya mutu, taya ya tsattsage, esansi ya lalace cikin tanki.