Hukuncin Raɗa wa Jariri Sunan da Ba na Larabci Ba

TAMBAYA

Ni mutumin Faskari ne, ina aikin jinya a wani asibiti a birnin Dablin na ƙasar Ailan. Maiɗakina 'yar Kankara ce, tana da juna biyu, haihuwa ta matso. Tana so idan mace aka samu a sa mata suna da harshen asali na mutanen ƙasar, wato Gelik, kamar Saoirse ko Aisling, saboda a nan za a haife ta, kuma mun ga alherin maƙwabtanmu. Mahaifina yana so a mayar da sunan mahaifiyarsa marigayiya. Wani kawuna da ke Sabuwa kuma ya aiko cewa duk sunan da ba na Larabci ba haramun ne. Mene ne hukunci, kuma maganar wa zan bi?

AMSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Ya ɗan'uwa, Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin a yanka rago, domin gyaran suna bayan ya bi bakin mutane abu ne mai wuya. Amsar a taƙaice ita ce: shari'a ba ta rataya hukuncin suna a kan harshen da ya fito ba. Ta rataya shi a kan ma'anarsa, da abin da yake nunawa a al'adar mutane, da amfani ko cutarwar da zai jawo wa mai shi. Sunan Gelik mai tsabtar ma'ana halal ne, wanda ya ƙunshi bauta ga wanin Allah haramun ne, kuma wannan ma'aunin shi ne ake ɗora wa sunan Larabci da na Hausa ba tare da bambanci ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da Annabi (S.A.W.) ya canza da abin da ya bari. Sunayen da ya canza na Larabci ne tsantsa. Muslim ya ruwaito cewa ya mayar da sunan wata mai suna Asiya, da harafin ainun da sadun, wato mai saɓo, zuwa Jamila. Ya mayar da Barra zuwa Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. Abdurrahman ɗan Aufu kafin Musulunci Abdu Amru ake kiransa, wasu suka ce Abdul Ka'aba. Larabcin waɗannan sunaye bai cece su ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Mariya Baƙibɗiya ta zo daga Masar da sunanta, ta haifa masa ɗa, bai canza mata ba, haka 'yar'uwarta Sirin. Bazan, Bafarishen da ke mulkin Yaman, ya musulunta aka bar shi da sunansa da kujerarsa. Fairuz Addailami sahabi ne mai sunan Farisanci, da shi ake ruwaito hadisinsa har yau. Shi kansa sunan Ibrahim da Annabi ya sa wa ɗansa, malaman nahawu suna lissafa shi cikin sunayen ajami tare da Isma'ila da Ishaƙa da Yusufu. Sannan da Bukhari ya kawo hadisin da ke cewa mafi ƙasƙancin suna a wurin Allah shi ne mutum ya kira kansa sarkin sarakuna, an ruwaito Sufyanu ɗan Uyaina yana misalta shi da Shahanshah na Farisawa. Wato hanin ya bi ma'anar har cikin wani harshe. Idan muguwar ma'ana tana haramta suna a kowane harshe, to kyakkyawar ma'ana ba ta lalacewa don ta zo da harshen da ba Larabci ba, balle ga aya ta 22 a Suratur Rum ta sanya bambancin harsunan mutane cikin ayoyin Allah.

Aikin malaman ƙasarmu ma a kan haka ya gudana. Ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya gaje shi, duniya ta san shi da Bello, kalmar Fulatanci. Wazirin Bello, mijin Nana Asma'u, sunansa Usmanu amma Giɗaɗo ake kiransa. A Katsina akwai Muhammadu Korau da tarihi ke ambata a matsayin sarki Musulmi na farko, da waliyyai Ɗan Marina da Ɗan Masani, da Sarki Muhammadu Dikko da ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, da magajinsa Usman Nagogo. A kowane gida na Faskari da Kankara da Sabuwa akwai Tanko da aka haifa bayan mata, da Kande ko Delu da ta biyo maza, da Gambo mai bin tagwaye, da Sallau da Azumi da Ɗanjuma da Asabe. Gaskiya ne yawancin waɗannan laƙabi ne da ake ɗorawa a kan sunan yanka, amma da kiran mutum da sunan ajami haramun ne, da bai halatta a laƙabi ba, kuma da malaman jihadi, waɗanda ba su yi shiru a kan ƙananan bidi'o'i ba, ba su bari ana kiran 'ya'yansu da shi ba.

Idan muka ɗora sunayen Gelik a wannan ma'auni, za su kasu uku. Kashi na farko haramun ne ba tare da saɓani ba: sunayen da ma'anarsu bawan wani ne ko mabiyinsa na ibada. Giolla Chríost, wanda ya zama Gilchrist, yana nufin bawan Almasihu. Máel Muire mai bautar Maryamu ne, Malcolm kuma ya fito daga Máel Coluim, wato mai miƙa kai ga waliyyinsu Columba da ya rasu a 597. Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya hakaito ittifaƙin malamai a kan haramcin duk sunan da ya bautar da mutum ga wanin Allah, in ban da saɓanin da ke kan Abdul Muɗɗalib. A wannan kashin ne kuma sunayen abubuwan bautarsu na dā suke, kamar Lugh da Áine. Kashi na biyu sunayen da suka zama tambarin wani addini, kamar Pádraig, wato Patrick, da ake bikin ranarsa 17 ga Maris, da Bríd ko Brigid mai ranar 1 ga Fabrairu, wadda sunanta ya haɗa waliyyiyar coci da wata abar bauta ta zamanin da. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a Arewa, domin limaman coci da mata masu hidimar coci 'yan Ailan sun daɗe a nan, har 'yan ƙungiyar St. Louis suka sauka Kano a 1948 suka kafa makaranta. Duk wanda ya ji Patrick ko Bridget a Malumfashi ko Kafur ya san addinin mai sunan, kamar yadda maƙwabtanmu Kirista suke gane namu idan sun ji Abdullahi. Musulmi ya nisanci wannan kashin, domin sunansa ne ke fara gabatar da shi wurin sallama da neman aure, har da sallar gawa idan ajali ya same shi inda ba a san shi ba. Kashi na uku sunayen da ma'anarsu siffa ce ko wani abin halitta: Saoirse, da suke furtawa Sirsha, 'yanci ne, kuma ya yaɗu ne a shekarun 1920 lokacin da ƙasar ta fita daga hannun Ingila, Aisling, da suke furtawa Ashlin, mafarki ne, Caoimhe mai taushin hali ce, Ciarán ɗan baƙi ne, kamar yadda mu ma muke laƙabi da launin fata. Sunaye biyun da maiɗakinka ta ambata suna cikin wannan kashi, kuma asalin hukuncinsu halacci ne.

Kawunka ba daga son zuciya ya yi magana ba, akwai malaman da suka tsananta a wannan babi. Shehu Bakr Abu Zaid, wanda ya rasu a 2008, ya tafi a littafinsa Tasmiyatul Maulud a kan hana sunayen ajami na waɗanda ba Musulmi ba, yana dogaro da hadisin Abu Dawuda da ke hana kamanceceniya da wasu mutane. Wannan hadisi abin karɓa ne, amma kamanceceniyar da ake zargi ita ce ta abin da ya keɓanta da addininsu ko ya zama alamarsa, kuma wannan shi ne kashi na biyu da muka hana. Wanda ya faɗaɗa hanin ya game kowace kalma ta harshensu, sai ya amsa tambayar Bazan da Fairuz, waɗanda mutanensu masu bautar wuta ne a lokacin da aka bar musu sunayensu. Idan aka ce an yarda da sunayen Hausa ne don Hausawa Musulmi ne, sai mu ce Tanko da Kande Maguzawa ma suna sa su, kuma Larabawa suna kiran Umaru da Halidu da Hindu tun suna kewaye gumaka. Harshe ba ya kafirta, ba ya musulunta. A Ailan kanta ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun haura 80,000, cikinsu akwai 'yan asalin ƙasar da suka karɓi addini, kuma ba a wajabta wa wanda sunansa ke da tsabta ya jefar da shi ba.

Akwai kuma masu sassauci fiye da kima, masu cewa suna alama ce kawai, kuma Ba'ailan da ya sa wa 'yarsa Brigid ba ya tuna wata abar bauta. Wannan ma ba daidai ba ne. Barra ba ta yi nufin yabon kanta ba, iyayenta ne suka sa mata, duk da haka aka canza. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya so ya mayar da sunan kakan Sa'idu ɗan Musayyib daga Haznu, mai nuna tsanani, zuwa Sahlu, mai nuna sauƙi, kakan ya ƙi, kuma Sa'idu ya ce tsananin bai bar gidansu ba. Bahaushe ya ce suna linzami ne. Saboda haka ne ma muke hana namu sunayen da aka gina a kan camfi, kamar Ajuji da ake sa wa ɗan mai wabi bayan an ajiye shi a juji don a ɓatar da mutuwa, ko sunan da aka sa don cika alkawarin wani iskan bori. Ma'aunin da ya kama Gilchrist shi ne ya kama waɗannan.

Sai dai halacci daban, abin da ya fi daban. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma sunayen annabawa da salihan bayi suna ɗaura yaro da wanda zai yi koyi da shi. Suna kuma haƙƙin yarinyar ne kafin ya zama sha'awar iyaye, ita za ta ɗauke shi tsawon rai. Ka duba kakarta a Kankara da za ta yi mata tawai da rawa, da malamin allo da zai kira ta, da ma'aikacin da zai rubuta takardar haihuwa da lambar zama ɗan ƙasa da takardun jarrabawa. Rubutun Saoirse da furucinsa sun yi nisa da juna a idon wanda ya koyi boko a nan, kuma harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin takardu biyu yana jawo wahalar da kowa ya sani. Idan kuma tsoron ku shi ne sunan Musulunci zai sa a ware ta a can, akwai sunayen da kunnen mutanen ƙasashen biyu ya saba da su, kamar Maryam da Saratu da Hannatu, ko Adamu da Yusufu da Nuhu idan namiji ne.

Game da wanda ke da haƙƙi, Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Tuhfatul Maudud cewa idan iyaye suka saɓa, raɗa suna na uba ne, domin da shi ake danganta ɗa kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni. Wannan bai sa shawarar uwa ta zama banza ba, ga mahaifiyar Maryam ita ce ta sa wa 'yarta suna kamar yadda Suratu Ali Imrana ta ba da labari. Bai kuma hana ka girmama mahaifinka ba, domin Abu Musa da Abu Ɗalha sun kai jariransu ga Annabi shi ya sa musu suna, wanda ke nuna kyawun miƙa wannan al'amari ga babba. Buƙatar mahaifinka ba wajibi ba ce a kanka, amma biya masa ita biyayya ce mai lada, kuma sada zumunci ce da marigayiyar. Zaɓen suna tun ciki bai haihu ba babu laifi a cikinsa, an ambaci sunan Annabi Yahaya kafin a haife shi. Raɗawa kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya ranar bakwai ake yi tare da yanka, dabba ɗaya ga namiji ko mace, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa ba a lissafa ranar haihuwar cikin bakwai ɗin.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: idan mace ce, ka sa mata sunan kakarka a matsayin sunan yanka, shi za a yi huɗuba da shi, shi za a rubuta farko a takardu. Tun da mahaifinka da kai ba za ku iya kiran wannan suna gatsau ba saboda alkunya, dole dai a nemi laƙabi, to maimakon Ummi ko Walida, maiɗakinka ta zaɓi Sirsha ko Ashlin, bayan kun tabbatar da ma'anar daga masu harshen ba daga jerin sunayen intanet kaɗai ba. Da kun sa shi a matsayin sunan yanka ma ba ku yi zunubi ba, kun dai bar abin da ya fi. Ku nisanci kashi na farko domin haramun ne, ku bar na biyu domin alamar wani addini ne. Ka kira kawunka ka karanta masa hujjojin nan cikin ladabi, kada maganar suna ta raba zumuncin da aka shar'anta yankan suna don ƙarfafa shi. Allah ya raya abin da za a haifa a kan Musulunci, ya sa ya zama sanyin idonku, ya dawo da zaman lafiya a garuruwanku. Allah ne mafi sani.