Labari a Ranar Ambaliya, Na Wa Ne?

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. Ka riƙe ta, mu bi ta tare. In ruwa ya ci gari, hanya ta yanke, rezo ya ɗauke, sai ya zamana tarhon mutum ɗaya ne kawai ke aiki. Shin wannan tarho nasa ne shi kaɗai, ko jama'a suna da hakki a cikinsa?

Tambayar tamu ce. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Jihar Tawa tana ciki. Har sai da aka ɗaga komawar yara lakkol zuwa ƙarshen watan Oktoba. Mu da muke zaune kusa da Majiya mun san halin ruwa. Yakan taso daga tuddan Adar, ya bi ta ƙasar Malbaza da Ƙonni, ya nufi tabkin Kalmalo a Najeriya. Wata rana ko ɗigo bai sauka a garinku ba, amma ga ƙorama ta iso cike.

Bari mu fara sanin yadda magana take tafiya. In ka yi kira, muryarka tana bin iska zuwa dogon ƙarfen nan na eriya. Eriyar ta miƙa ta ga wata, har ta kai kunnen ɗanka a Yamai ko a Legas. Eriya kuwa wuta take ci. In wutar ta yanke, ko motar mai ta kasa isowa, ko iska ta kayar da ƙarfen, sai gari ya yi shiru. A lokacin ne ake da mai naƙuda, da wanda katanga ta faɗa wa, da uwar da ba ta san inda ƴaƴanta suka kwana ba.

Masu ilimin sadarwa sun samo dabara. Sukan zo da faranti mai magana da tauraron ɗan'adam, su kafa shi wuri ɗaya. Daga nan su ɗora ƙananan na'urori a kan wurare masu tsawo, kamar tankin ruwa ko rufin makaranta. Hasken rana ne yake ba su wuta. Babu waya a tsakaninsu. Kowace tana hango ta gabanta, ta karɓi magana, ta miƙa. Kamar dai yadda kuke jeruwa ranar gayya, tubali yana wucewa daga hannu zuwa hannu. In na'ura ɗaya ta ce maganar mai gidanta kaɗai za ta ɗauka, aikin duka ya tsaya.

To, ka ga ƙarfe ma an gina shi a kan miƙa wa wani. Ina ga ɗan'adam?

Amma kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Mai tarho yana da tasa hujja. Zai ce: "Albasata na sayar na sayi farantin hasken rana da batir. Lokacin da nake ban ruwa cikin sanyi, wa ya taimake ni?" Gaskiya ya faɗa. Gumin mutum nasa ne, kuma mai cajin waya da yake karɓar kuɗinsa na kullum bai yi laifi ba. In aka saba ƙwace kayan mai ƙoƙari, gobe ba wanda zai saya, gari ya zauna babu ko ɗaya.

Inda maganar take shi ne, ranar ambaliya ba kamar kullum ba ce. Dubi mai rijiya. Shi ya haƙa, tasa ce. Amma in gobara ta tashi a maƙwabta, ya ce sai an biya kafin a ja guga, me za a kira shi? Wanda ya ninka kuɗin caji don ya ga mutane ba su da mafita, tsoronsu yake sayar musu. Tarhon nasa ne, amma a wannan rana amana ce a hannunsa. Su ma jama'a akwai nasu nauyi. In ƙura ta lafa, a haɗa kuɗi a mayar masa da abin da ya kashe, don ya ji daɗin sake yi.

An taɓa ganin amfanin haka a ƙasarmu. A yunwar 2005, wata ƙungiya daga Faransa mai suna Télécoms Sans Frontières ta zo yankin Dakoro da tarho mai tauraron ɗan'adam. Ta bar mutane suna kiran danginsu kyauta. Ƴan mintoci ne, amma sun isa ɗan da yake ci-rani ya ji halin gida, ya aiko da abin sayen hatsi.

Sai abu na biyu. In batir kaɗan ya rage, wa zai fara kira? Mai kuɗi ko mai sarauta? A'a, mai rai a hannun Allah shi ne na farko. A kira likita. Daga nan a kira garin da yake ƙasa da ku, a ce musu ruwa yana tafe, su kwashe yara da dabbobi. Mutanen sama bashi ne a kansu su sanar da mutanen ƙasa. Gaisuwa da cinikin albasa su jira.

Na uku, abin da za a faɗa. Magana zarar bunu ce. Wani ya ce madatsar Mozage ta fashe, alhali bai gani ba. Kafin a tantance, tsofaffi sun fita cikin dare, an bar gidaje ga ɓarayi. Gobe kuma in gargaɗin gaskiya ya zo, ba mai motsawa. Ka faɗi abin da idonka ya gani, da wurin, da lokacin. Abin da ka ji kawai, ka ce ji ka yi.

Kada ka jira baƙi su zo da na'ura. Tun kafin damina ku zauna da maigari. Ku san wa yake da farantin hasken rana, wa yake da babur, a kan wane tudu rezo yake kamawa. Kai da ka iya rubutu yanzu, rubuta lambar likita da ta magajin gari da ta garuruwan da suke maƙwabtaka da ku a takarda, don lambar da take cikin mataccen tarho ba ta da amfani. Ku ajiye rediyo da batir. In duk sun ƙi, zumunta a ƙafa take, a tashi yaro mai gudu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa.